Rufin Asirin da Ya Hana Yaya Mairo Ɗaki

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, Yaya Mairo.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan saƙo zai same ki da rai da lafiya a duk inda ƙafa ta kai ki cikin Jidda. Ni ce Kulu. Kin san ban yi karatu ba, Maryama mai ɗinki ce ke rubutawa, ni ina faɗa. Na ce ta saka a waya, ta tura wa duk matan Hausawan da ta sani, wanda ya gan ki ya karanta miki. Ki yi haƙuri da na fito da zancenmu fili. Ɓoyon ne ya kawo mu nan.

Yau sati uku ban sa ki a ido ba. Na je bakin tashar jiragen ruwa, na je kasuwar kifi, na bi masallatan da kike son yin alwala. Wani direba ɗan Maraɗi ya ce ya ga mai kama da ke a Abhur, kina zaune a inuwar wata katanga da jakarki shuɗiya. Na sa ɗana Usmanu ya kai ni. Katanga na nan, inuwa na nan, ke babu. Gwiwata ta kumbura kamar tulu, amma da na zauna sai in ji kamar an zuba min garwashi a tabarma.

Ba uwa ɗaya ta haife mu ba, amma wa ya sani? Tun a jirgin ruwan da ya kwaso mu daga Fot Sudan kike riƙe da hannuna. Ina ta amai, kina ba ni lemun tsami in tsotsa, kina min tsiya wai 'yar ƙauye ta ga teku. Muka girma, muka yi aure, ƙofarki na kallon tawa a tsohuwar unguwa. Kasko ɗaya muke soya gyaɗar sayarwa.

Sai aka zo aka yi jan rubutu a bangonmu. Ba mu iya karantawa ba, amma mun gane. Aka rushe. Ni Usmanu ya kwaso ni nan Sharafiyya, ɗaki biyu, shi da matarsa da 'ya'ya. Ke ba ɗa, mijinki Malam kuma ya riga mu gidan gaskiya. Na ce ki zo mu matsu. Kika kwana biyu, kika ce ke ba za ki kwanta inda ɗan da kika goya zai tsallake ƙafarki ya tafi masallaci ba. Daga nan sai da hantsi kike zuwa, ki yi wanka, ki wanke zanenki, ki sha shayi. La'asar na yi ki ɗau jaka ki ce kin tafi wajen wata 'yar'uwa. Babu wata 'yar'uwa, Yaya. Na sani, kin kuma san na sani.

Kin tuna yadda ake yi a da in mutum na neman ɗaki. Kowace unguwa da umdanta, wato mai unguwa, kowane umda da littafinsa. Ka je wa wannan ya ce ba a ƙasarsa kake kwana ba, je can. Na can ya ce koma inda ka fito. To bayan rushe-rushen nan sai suka haɗa kai, umdodin unguwanni, da mutanen baladiyya, hukumar gari ke nan, da masu kula da rubaɗi, gidajen wakafin nan na tsofaffin mata. Suka zama kwamiti ɗaya, sunaye duk a na'ura ɗaya. In ɗaki ya zama ba kowa a kudu, tsohuwar da ke arewa sai ta samu. Wallahi abu ne mai kyau, ba zan kushe ba. Ta-Sallah da ke bayan layinmu na da, ta haka ta samu nata, har da famfo a ciki.

Ranar da 'yan kwamitin suka zo benenmu, mata biyu da namiji ɗaya, kina zaune a kan dardumata, kanki ko bushewa bai yi ba. Maƙwabta sun cika ƙofa, har da matar nan ta sama mai dogon baki. Ɗaya daga cikin matan ta nuna ki, ta tambaya da Larabci, wannan hajiyar ina take kwana? Na dube ki. Kin sunkuyar da kai kina murza bakin mayafi. Ke da rabin layinmu suka ci tuwon hannunki, a ce a gaban mutane ba ki da makwanci? Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Nan take, yayata ce, gidan nan gidanta ne." Matar ta danna abinta ta ce halas, wato shi ke nan, suka wuce.

Har daɗi na ji, Allah ya yafe min. Innata takan ce tsiraicin ɗan'uwa da zanenka ake rufe shi. Na ɗauka abin da na yi ke nan.

Sai daga baya Ta-Sallah ta ba ni labari, don tana wurin. Ashe kin tafi can ofishin kwamitin da ke kusa da tashar jirgi, inda kike zaton ba wanda ya san fuskarki. Kin tsaya layi tun safe da iƙamarki, katin zaman ƙasa, a hannu. Abin da kika kasa faɗa a gabanmu, kin daure kin faɗa wa baƙi. Suka duba na'ura suka ce, ai hajiya kina da wuri, kina wajen ƙanwarki a Sharafiyya. Da zamanin littafi ne, da ƙaryata ta tsaya a unguwarmu. Yanzu duk ofishin da za ki je, ta riga ki isa.

Washegari kika zo, ba ki zauna ba, shayin ma ba ki kalla ba. Kika cire zanenki daga igiya da damshinsa. A bakin ƙofa kika ce, "Kulu, kin rufa min asiri, Allah ya rufa miki." Ni sakarya har amin na ce. Da ma zagina kika yi, Yaya. Da na gane tun ranar.

Litinin ɗin nan na je wajen umda. Na tsaya gabansa da furfurata na ce ƙarya na yi. Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce ya hajja, ba ke ce ta farko ba, tsofaffinku sun gajiyar da mu da kunya. Amma ya ce ba za su goge da bakina kaɗai ba. Gaskiyarsa, wadda ta yi ƙarya jiya wa zai riƙe maganarta yau? Sai kin zo da kanki, kin faɗa, kin dangwala yatsa.

Akwai ɗaki, Yaya. Na matsa sai da aka nuna min. A ƙasa yake, ba hawan bene, da taga mai kallon tsakar gida. Alhamis kwamitin zai zauna a ofishin umdan unguwarmu. In ba ki zo ba za a ba wadda ke bin ki a suna, ita ma baiwar Allah ce mai buƙata, ba zan buɗe baki in ce a hana ta ba. Yau Talata. Maryama ta ce in sassauta, hannunta ya gaji, amma ina zan sassauta?

Ba sai kin biyo ta gidanmu ba. Ba sai kin gaishe ni ba. Da na idar da sallar asuba zan je in zauna a bakin ƙofar ofishin, ba zan tashi ba sai an rufe. In suka tambaye ki, ki nuna ni da yatsa, ki ce tsohuwar can maƙaryaciya ce, ba ni da wurin kwana. Ki faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Ni kuma zan ce ƙwarai, haka ne.

Allah ya tsare min ke daga zafin rana da ciwo da mugun mutum. Allah ya sa saƙon nan ya faɗa hannun mai tausayi. Allah ya sanyaya zuciyarki a kaina ko da na yini ɗaya ne, ya kawo ƙafarki ƙofar nan ranar Alhamis. Amin.

Ƙanwarki mai laifi,
Kulu