Ƙofar da Ba Ta Jin Sallama

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna? Ya rigimar Auta?

Karatu lafiya lau, sai dai shirun ginin nan. An cusa wa bango auduga, bakin ƙofa roba ne, ko tari ba ya ƙetarawa. Na yi ta rafka sallama a ƙofar maƙwabciyata, ba amsa, har na yi ƙwalla. Ashe ba ta ji ba. Ta ce, "Ke, ƙararrawar ado ce?"

A gida hayaniyarku ke katse ni daidai inda saurayi zai furta. Nan na karance littattafan soyayyata tas, ba wanda ya ƙwala mini kira.

Don Allah in za ki bugo waya, kada ki shige ɗaki. Ki tsaya tsakar gida, in ji kowa.

Ƙanwarki