Jan Biron Hedimasta

Litinin

'Yata Auta,

Ni da mahaifiyarki muna gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya, aiki kuma da sauƙi. Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. Kunnen nan ne. In kina magana sai in ji kamar daga cikin rijiya kike, shi ya sa na ba direban motar safe wannan takarda.

Ranar Asabar ta sama za a zaɓi wakilai uku daga ƙaramar hukumarmu, waɗanda za su je babban taron jam'iyya na ƙasa su fid da ɗan takarar shugaban ƙasa. Na cike fom. Kada ki yi dariya. Shekara talatin da ɗaya ina cikin jam'iyyar nan. Ni ne mai jera kujeru, ni ne mai rubuta bayanin taro, ni ne mai kulle ofis in kowa ya watse. Sau ɗaya dai ina so in shiga wancan zauren in jefa ƙuri'a da hannuna, kafin gwiwar nan ta ƙi ni gaba ɗaya.

An ce ƙato-bayan-ƙato za a yi: ɗan takara ya tsaya, masu son sa su yi layi a bayansa, a ƙirga kawuna. Wannan ya yi mini, don rabin garin nan ta ajina suka bi. Mu bakwai ne, har da mai gidan man bakin tasha, wanda bara ya shigo jam'iyya kuma har yau bai san inda makullin ofis yake ba.

Tunda ke ce mai buga takardu a ofishin jam'iyya na jiha, ki duba mini ko akwai wata ƙa'ida da na tsallake. Ba alfarma nake nema ba.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki

Alhamis

Baba,

Ina gaishe ka, ina gaida Mama. Saƙonka ya iso, duk da direba ya haɗa shi da baƙin mai.

A gajiye nake. Ofishin nan tun makon jiya babu masaka tsinke. Manyan mutane zaune a kan matakala, kowa da ambulan a hammata, kowa so yake ya ga Ciyaman, shi kuwa ta ƙofar baya yake shigowa. Injin buga takardu in ya yi zafi sai mu sa masa fanka, mu kuma mu zauna cikin gumi. Jiya ko abincin rana ban ci ba.

Ƙa'ida kam ba ka tsallake ko ɗaya ba. Ai kai ka fi masu ita sanin ta. Amma Baba, ka tuna likita ya hana ka doguwar tsayuwa. Layin nan a rana ake yin sa, wani lokaci har la'asar. Da za ka ji tawa, da ka zauna a gida ka ji sakamako a rediyo. Za a yi wani zaɓen ai.

Na san ba za ka ji ba. To ka tafi da ruwa da lema, ka sa Mama ta riƙe maka maganinka.

'Yarka,
Auta

Lahadi

'Yata Auta,

Bayan gaisuwa, sai ki taya ni godiya ga Allah. Mahaifinki ya zo na ɗaya.

Da kin ga layina! Daga gindin sandar tuta a filin makaranta har bayan ɗakin karatu. Tsofaffin ɗalibaina da furfura a gemu suna ta cewa, “Hedimasta, yau mu ne muka jera ba tare da bulala ba.” Ma'aikaciyar jinyar asibitinmu ta zo ta biyu, wani kafinta ya zo na uku. Mai gidan mai ya zo na biyar da mutum hamsin da takwas, galibinsu ma'aikatansa.

Wani abin dariya kuma. Jami'in da kuka turo daga jiha ya rubuta kawunan kowace mazaɓa a takardar sakamako, ya tara, ya miƙo mini in sa hannu. Ina dubawa na ga a gaban sunana ya rubuta ɗari huɗu da biyu, alhali ɗari huɗu da goma sha biyu ne. Ya mance da ɗayan da ya ajiye. Kafin in yi tunani hannuna ya riga ya zaro jan biro daga aljihu. Na soke, na rubuta daidai a sama, har na yi masa alamar maki. Mutane suka yi ta tafi. Shi dai kallona ya yi, ya ninke takardar.

Gwiwa ta kumbura, amma ba komai. Mahaifiyarki ta kai yadina wurin tela. Ki tambayar mini kwana nawa ake yi a taron, don in san yawan maganin da zan ɗauka.

Mahaifinki

Laraba

'Yata Auta,

Ina gaishe ki. Kwana goma ban ga amsarki ba, na kuma san dalili.

A rediyo na ji sunayen, kamar kowa: mai gidan mai, ƙanin matar Ciyaman, da wani da ko mai shayin tasha bai taɓa jin sa ba. Na shiga mota na je gaban kwamitin ƙorafi. Na wuce ta ƙofar ofishinku, ban leƙa ba, don kada in ƙara miki. Awa huɗu ina kan benci. Da aka kira ni sai suka shimfiɗa takardar a gabana. Shugabansu ya ɗora yatsa a kan jan rubutun ya ce, “Malam, wannan hannun wa?” Na ce nawa. Ya ce duk takardar da ɗan takara ya taɓa ta lalace, lokaci kuma ya ƙure, don haka an cike gurbin ta hanyar maslaha.

Ban yi musu ba. Ni na koya wa yara cewa ba a taɓa takardar jarrabawa bayan an karɓa, ga shi ni na taɓa. Abin da ya fi ci mini rai, ba ni kaɗai na faɗi ba. Na ja ma'aikaciyar jinya da kafinta. Kafinta ya daina amsa gaisuwata, kuma yana da gaskiya.

Na fara bin gidajen waɗanda suka tsaya a bayana ina ba su haƙuri, biyar ko shida a rana, gwargwadon yadda ƙafa ta yarda. Ke ma ki yafe mini. Na san ana nuna ki a ofis ana cewa ga 'yar mai jan biro.

Mahaifinki

Juma'a

Baba,

Ina gaishe ka. Wannan ce takarda ta huɗu da na fara, sauran na yage su.

Don Allah ka daina bin gidaje. Ba jan bironka ba ne.

Ranar Talata, kwana goma sha ɗaya kafin ku yi layi, Sakatare ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa. Ya ba ni wata takarda da rubutun hannun Ciyaman, sunayen wakilan jihar nan kaf, uku uku daga kowace ƙaramar hukuma. Ya ce in buga, in bar wurin kwanan wata babu komai. Da na zo kan tamu na ga mai gidan mai da ƙanin matar Ciyaman da wancan na ukun. Na buga. Da yamma wasiƙarka ta iso, kana tambaya ta ko ka tsallake wata ƙa'ida.

Kowace ƙaramar hukuma an nemo mata dalilinta. Wata an ce hatimi bai fito sosai ba, wata an ce an fara layi kafin jami'i ya iso. Ku da ba ka zaro biro ba, da an ce an wuce lokaci. Wannan ma ni na buga shi, yana cikin durowata ba a yi amfani da shi ba.

Na so in gaya maka. Sai na tuna mu biyu kaɗai muka ga takardar nan, ni da Sakatare, kuma na san ka, ba za ka yi shiru ba. Na ji tsoron aikina, Baba. Gaskiyar ke nan. Na bar ka ka tsaya a rana, na ce ka tafi da lema.

Ranar da ka zo na hango ka ta taga a kan benci. Ban iya fitowa ba.

Duk abin da ka ga dama ka yi da wannan takarda. In kwamiti za ka kai wa, ka kai. Na gaji.

'Yarka,
Auta

Litinin

Auta,

Na karanta sau biyu, na ƙona. Mahaifiyarki ba ta gani ba.

Na gama gida arba'in da ɗaya, saura da yawa. Gobe zan ci gaba, daga gidan kafinta zan fara. Maganar jan biron zan ci gaba da yi musu, domin in na faɗi ɗayar, sai sun tambaye ni wa ya buga.

Ki riƙe aikinki. Kada ki zo gida wannan watan, ki bari sai na huce.

Allah ya tsare ki.
Mahaifinki