Dalmar da Na Ƙara

Daga Bilma, zuwa ga Yaya Barmo a Tarka.

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar Inna? Ina Raliya da yara? Ni lafiya lau nake. Yanzu raƙuman bariki nake shayarwa, don sarjan ya ga ɗakin bindigogi ya yi mini zafi, gara in sha iska.

Yaya, harsasan nan da na zuba na aiko maka ta hannun madugu, kada ka ɗura ko ɗaya a 'yar bindigarka. Ka san tashin kasuwa, ba ma auna wa namu kaya babu gyara. Sai na ƙara musu dalma, suka yi tsawo da nauyi, a ganina sun fi kayar da kura. Ashe cikin bututun bindiga akwai zane a murɗe, shi ke juya harsashi ya tafi sak, kuma murɗin irin taka bai iya riƙe dogo. Na gwada irinsu a bindiga irin taka gaban sojoji bayan na gama cika baki. Harsashin ya wuntsila, ya bar allon da na saita can, ya fasa tulun sarjan. Har yau ban iya haɗa ido da su.

Nan tulu ne ya fashe. Can kuwa kai ne za ka tsaya gaban kurar da ke cin tumakinmu. Don Allah ka narke su, ka sake zubawa daidai yadda ka saba. In mutanen Tarka sun tambaya, ka ce saƙona bai iso ba.

Allah ya tsare ka.

Ƙanenka, Yahuza.