Huɗu a Hannu, Saura Ɗaya

Yaya Mutaru,

Assalamu alaikum. Allah ya sa kana cikin rahama, ya yalwata maka makwanci. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana raye ma da ƙyar, kai da kake cewa rubutuna kamar kaza ta yi tono. Amma tun safe na kasa zama wuri ɗaya. Na share tsakar gida, na sake sharewa, na ɗauki littafi na ajiye. Wa zan gaya wa in ba kai ba?

Mma tana lafiya, ta koma sayar da wake da shinkafa a bakin titi. Har yanzu in yelo-yelo, mai ƙafa ukun nan ta haya, ta tsaya a ƙofar gida sai ta ɗaga kai, sannan ta yi kamar ƙuda take kora. Taka yelo-yelon an sayar wa wani mutumin unguwar Kanvili. Na gan ta ran nan, ya sake mata fenti, amma na gane ta da ƙarar nan tata.

Sakamakon jarrabawa ya fito, Yaya. Na ci komai, sai lissafi. In babu shi makarantar nas ba za ta ko dube ni ba. Goggo Memuna ta zo daga Kumasi, ta ce in bi ta ran Asabar in riƙe mata shagon atamfa, kuma ba za ta jira ba, akwai mai so. Mma ta ce zaɓi nawa ne, ko in tafi, ko in zauna in sake rubutawa a Nuwamba. Asabar jibi ce.

Ka tuna foka, wasan kartar nan da ka koya a waya, kake koya mini da la'asar a gindin darbejiya? Murafun kwalba muke zubawa, Mma tana faɗa wai karta karta ce, Shaiɗan ba ya duba abin da aka zuba. Ƙa'idarka ita ce ba a wuce iyaka: zagayen farko murfi ɗaya-ɗaya, na ƙarshe biyu-biyu, ba ƙari. Kullum ni ce mai kati huɗu iri ɗaya, ina jiran na biyar. Kullum kuma ina bi har ƙarshe, ina addu'a a zuci, kai kana dariya kana kwashe mini murafu.

Ka ce mini kati bai san ina son sa ba. Ka ce in daina tambayar zuciyata, in ƙirga. Goma sha uku ne kowane iri, huɗu suna gabana, tara suna ɓoye, wato kusan sau ɗaya cikin biyar zai zo. Sai in dubi tarin da ke tsakiya. In ya ninka abin da zan zuba fiye da sau huɗu, in bi ba tsoro. In bai kai ba, in ajiye, ko da hannun ya yi mini kyau kamar amarya. Ka ce haɗarin wasa mai iyaka shi ne araha: murfi ɗaya ne kawai, murfi ɗaya ne kawai, har mutum ya duba gabansa ya ga wayam. Kuma wani lokaci katin ya zo, wani ya riga ya fi ka.

Wannan na ƙarshen ne yake hana ni sakat. In na ci lissafin, makarantar ta ce ta cika fa? Shago ya tafi, shekara ta tafi, Mma tana ta hura wuta ita kaɗai don ni?

A littattafan da nake karantawa, wadda ta jira ba ta taɓa yin asara. Ko shekara goma ce, a shafin ƙarshe sai masoyinta ya dawo da mota. Kai ne kake cewa marubutan nan sun san katin da ke ƙasa.

To bari in gaya maka abin da ko Mma ba ta sani ba. Ba lissafi kaɗai nake jira a Tamale ba. Akwai Abdul-Fatawu mai gyaran waya, wanda ya riƙe makararka ta gaba. In na wuce yana gaishe ni, ni kuma sai in rasa inda zan sa idona. Na gina mana gida a kaina, har da labule. Jiya na kai masa wayar Mma da gangan, ba abin da ya same ta. Yaya, Rahina ya kira ni. Bai ma san sunana ba! Na dawo ina jin kunyar bishiyoyi. Da kana nan da ka ce wannan hannun ko kati biyu ba za su cece shi ba, in ajiye tun murafuna suna nan. Na ajiye. Da zafi, amma na ajiye.

Da na cire shi daga lissafin, sai na ga har yanzu ina son zama. Kaɗan ya rage in ci, kuma wata malama a Kanvili ta ce in riƙa zuwa da yamma tana koya mini lissafin. Abin da ke tsakiya kuwa ba ƙarami ba ne. Ranar da aka kai ka asibiti bayan haɗarin, na ga wata nas tana gyara maka matashi, tana goge maka goshi, alhali kowa ya san an gama. Ni ina tsaye jikin bango, na kasa ko taɓa hannunka. Tun ranar nake son in zama wadda ba ta tsayawa jikin bango.

Kuma ban taɓa gaya maka ba, ni ba wasan nake so ba. Zaman nake so. Kai kaɗai ne ba ka ce mini in ɗaga murya.

Zan bi zagaye ɗaya, ɗaya tak. In bai zo ba, ba zan ce saura kaɗan ba, zan nemi wata hanya. Goggo tana ɗaki tana sallah, da ta sallame zan shiga in ce mata ba zan je ba. Ban taɓa ce wa babba a'a ba, Yaya. Ga shi na ji tana naɗe tabarma.

Allah ya jiƙan ka, ya haɗa mu a inda ba jira. Na tashi.

Ƙanwarka,
Rukaya, daga Sabonjida