Baba Sai-Litinin Ya Huta, Makullin Sitonsa Yana Hannun Mama

Cikin alhini mai nauyi da miƙa wuya ga hukuncin Mahalicci, Ƙungiyar Masu Sayar da Katako da Kayan Rufi, a ƙarƙashin jagorancin Mai Girma Shugaba da 'yan majalisarsa masu daraja, ta samu labarin rasuwar ubanta kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, dattijon ikilisiya, mutumin da duk layin katako ya sani da Baba Sai-Litinin, wanda ya huta bayan gajeriyar rashin lafiya a hannun mai ɗakinsa da babbar 'yarsa. An ɗora mini rubuta wannan saƙo ba don ilimi ba, domin karatuna a firamare ya tsaya, sai don an ce duk ƙungiya ba wanda ya kai ni baki. Wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa, 'ya'yana sun riga sun yi mini dariyar da ta ishe ni.

Marigayin ya shigo layinmu da 'yan falankai a baro guda, ya bar shi da rumfa da sito da injin yanka, kuma a tsakanin baron da injin ba mu taɓa jin kafintan da ya dawo masa da kaya yana zagi ba. Kafin ya sayar maka da katako sai ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, ya kara kunne, in ɗanye ne ya gaya maka ɗanye ne, in gara ta taɓa shi ya jawo shi waje ya nuna maka, maimakon ya cusa shi tsakiyar ɗauri kamar yadda wasu, ban kama suna ba, suka ƙware. Sunansa kuwa ya samo shi ne daga hali. Ranar Lahadi ba ya buɗe rumfa, ba ya taɓa tef ɗin awo, ba ya ma yarda a ambaci katako a gabansa. Wani babban ɗan kwangila ya taɓa bin shi gida bayan sujada da cinikin da zai cika mota biyu. Baba ya ba shi kujera, ya ba shi ruwa, ya tambayi iyali har da kaji, da mutumin ya buɗe baki zai ce falanki, sai Baba ya ce, “Ɗana, sai Litinin.” Mu kuwa muna murna, muna kwashe masa masu ciniki ranar Lahadi, washegari su koma wurinsa su bar mu da murnarmu.

Hannunsa a buɗe yake, amma idonsa ma a buɗe. Ya rufa majami'u, ya rufa azuzuwan makaranta, kuma katakon da ke saman masallacin layinmu, inda mu Musulmin ƙungiya muke salla, daga sitonsa ya fito. Sai dai duk kyautar da zai yi, da ƙafarsa yake zuwa ya ga katangar, ya auna tsawo da faɗi, ya dawo ya zaɓi busasshe da hannunsa, a loda da rana tsaka kowa yana gani, ya bi motar a baya a kan tsohon babur ɗinsa mai tari.

Saboda wannan sani da muka yi masa ne ya zama wajibi ƙungiya ta sanar da jama'a wani abu da ya tsaya mata a wuya. Ana tsakiyar zaman makoki a falon marigayin, sai ga wani bawan Allah da kwat, Littafi Mai Tsarki a hammata, takalminsa yana sheƙi irin na wanda bai taɓa taka garin katako ba, yana kukan da ya danne na Mama mai ɗakin marigayin. Wanda ya rako shi ƙanen Baba ne, mutumin da a iya zamanmu a layi ba mu taɓa ganin ya ɗaga falanki ɗaya ba. Bayan an lallashi baƙon ya yi shiru, sai ya gabatar da kansa a matsayin ɗan'uwa cikin Ubangiji, ya ce marigayin ya yi masa alkawarin dukan busasshen katakon da ke sito domin rufin wata sabuwar majami'a. Mai Girma Shugaba, cikin ladabi, ya tambaye shi yaushe aka yi haka. Ya ce wata Lahadi bayan sujada, a cikin siton, Baba da kansa ya riƙe tef ya auna. Shugaba ya ce, “Malam, wace rana ka ce?” Ya maimaita, har ya ƙara da cewa ai aikin Ubangiji ranar Ubangiji ya dace. Sarkin 'yan dakonmu, tsoho mai furfura, dariya ta kufce masa a gidan mutuwa, sai da aka fitar da shi tsakar gida yana neman gafara.

Mun tambayi faston ikilisiyar Baba, ya ce bai taɓa ganin fuskar nan ba. Mun tambayi baƙon ina majami'ar take, ya ɗaga hannu ya ce can gaba. Ƙanen marigayin kuwa ya ce Yaya ya raɗa masa maganar, ya juya ga Mama ya ce ta kawo makulli, wai harkar kasuwa ba ta mata ba ce. Tun ba a sa ranar jana'iza ba, sai ga babbar mota ta ja da baya ta tsaya a ƙofar sito, direban yana tambayar wa zai buɗe. 'Yan dako suka jera barorinsu a bakin ƙofar suka zauna a kai, suka ce suna hutawa ne. Motar ta gaji ta tafi.

Ƙungiya ba ta kira kowa ɓarawo ba, kuma an ja mini kunne kada in rubuta kalmar. Abin da muka sani shi ne, katakon nan shi ne jarin gidan gaba ɗaya. Da shi Mama za ta ci, da shi ƙananan yara za su ƙarasa makaranta, da shi babbar 'yar marigayin, wadda ta daɗe tana tsaye a rumfar tare da mahaifinta har ta fi wasunmu kunnen jin ɗanyen katako, za ta ci gaba da ciniki. In aka kwashe shi, an bar musu rumfa da inji da iska. Ni ma uba ne, 'ya'yana duk mata, kuma tun da na ga motar nan nake duban ƙannena da wani ido, har ɗaya ya tambaye ni ko lafiya.

Don haka majalisar ƙungiya ta zauna ta yanke cewa makullin sito yana hannun Mama, kuma nan zai zauna. Babbar 'yar marigayin ta gaji kujerar mahaifinta a rumfa da a ƙungiya. Duk direban da ya loda ko tsinke daga wannan sito ba da yawun wannan 'yar ba, kada ya sake shigowa layinmu da mota.

Muna miƙa ta'aziyya ga Mama, da 'ya'ya da jikoki, da Mai Girma Fasto da dattawan ikilisiya, da zumuntar mata da ƙungiyar mawaƙa, da dukan dangi, har da ƙanen marigayin, domin shi ma yayansa ya rasa. Ubangijin da Baba ya bauta wa ya karɓe shi cikin salama, ya share hawayen iyalinsa, ya ba su ƙarfin zuciya, ya tsare su daga masu kuka da ido ɗaya.

Ga bawan Allah mai kwat kuma, ƙungiya tana da albishir. In da gaske akwai majami'ar da ke jiran rufi, ba za mu bari masu sujada su jiƙe ba. Kowane ɗan ƙungiya, Kirista da Musulmi, ya amince zai fitar da busasshen katako daga nasa siton, mu rufa ta da sunan marigayin, har da ƙusa. Sharaɗi ɗaya ne: ya zo da rana, ya shiga gaba, ya kai mu mu ga katangar. Kuɗin motarsa ma ni zan biya.

Sa hannu:
Kawu Zarto,
Kakakin Ƙungiyar Masu Sayar da Katako da Kayan Rufi,
a madadin Mai Girma Shugaba da ɗaukacin 'yan ƙungiya.