Tutiyar da ka shafe da fenti

Wilmer,

Na tafi karɓo ƙanƙara da mai. Ban tashe ka ba, don raina a ɓace yake.

Da sassafe na je duba jirgin ruwanmu, na tarar ka shafe gindinsa da jan fenti, har da guntayen tutiya huɗun nan na kusa da farfela. Makanikin nan Don Cástulo yana tsaye yana dariya, ya ce, "Eusebio, ɗan naka biki zai kai su ne, ko kunya yake ji a gan su tsirara?"

Na san ka ga sun zaizaye sun yi muni ne. To, aikinsu ke nan. Ruwan gishiri dole ya ci ƙarfe, shi ya sa muke ba shi tutiya ya ci, ya ƙyale mana farfela. In ka rufe ta da fenti, kan farfela zai koma. Ƙanwarka Yaneth ta taɓa rubuta mini Zn da ɗan biyu a samansa, wai abu biyu tutiya take saki ta narke. Ni ban yi makaranta ba, sai da teku ta cinye mini farfela sukutum na gane.

Ka kankare guntayen tutiyar duka har su yi fari. Ruwan teku zai cika da ƙarfe sha biyu, masu tura jirgi za su zo. In da sauran ɗigon fenti, kada jirgin nan ya taɓa ruwa, ko da kowa zai riga mu kifi.

Uwarka ta ajiye maka arepa, wainar masarar nan. Na ce mata sai ka gama.

Babanka