Zaren Ɗiyata da Tuwon Gidan Mijinta

Zuwa ga Malam Alƙali na Tambuwal, Allah shi gafarta malam. Gaisuwa da girmamawa. Ni ce Inno, mai karantar da mata a Jabo, kuma nika roƙon a karanta wannan a gaban jama'a.

Na fara da godiya. Ɗiyata Hadiza ta warke daga dukan da ta sha, hannunta ya koma riƙe mazarin kaɗi. Mijinta Buba ya zo biko daga Fakku har da baffansa, kansa a ƙasa. Na gamsu da horon da ka yi masa. Amma akwai saura.

Na farko, Buba ba mugu ba ne. Tun aurensu bai taɓa ɗaga mata hannu ba sai bara, da fara ta cinye gero, rumbunsa ya ƙare kafin bazara.

Na biyu, ba don rashin tuwo ya doke ta ba. Tuwo yana nan. Hadiza ta yi kaɗi, ta aika zarenta kasuwar Kebbe, aka musanya mata da dawa, ta ciyar da shi da tsohuwarsa da yara. Abin da na koya mata ke nan.

Na uku, ga waɗanda ba a kira gabanka ba: mazan da ke zama gindin tsamiyar ƙofar masallacin Fakku. Da suka ji zarenta ke ciyar da gidan, suka laƙaba masa Mijin Mazari. In ya wuce, a tambaye shi nawa zaren abawa yake yau. Ya haɗiye a waje, ya shigo ya sauke a kanta. Rabinsu kuwa da zaren matansu suka ga damina, na sani, don matan ɗalibaina ne. Wasu da tabo suke zuwa karatu.

Roƙona: ka sa limamin Fakku ya faɗa ranar Juma'a cewa gumin mace halalinta ne, wanda ya ci ya gode, ba abin kunya ba ne. A kuma tsawata wa masu zaman tsamiya, da sunayensu.

Hadiza tana son ɗakinta, ta ma ɗaure kayanta. Ranar da liman ya faɗa, ni da kaina zan raka ta. Mazarin kuma yana saman kaya, ba zan bari ta ɓoye shi ba.

Allah shi ƙara wa malam adalci da tsawon rai.

Wassalam.